Akwatin ƙarafan matse ƙuraje: me yake cirewa, me kuma bai kamata ya taɓa ba

Ƙaramin akwati ne na gwangwani, wani lokacin ƴar jaka mai zif, da ƙarafa biyar zuwa tara a jere a ciki. Ana samunsa a shagunan kayan kwalliya na babbar kasuwar Maradi, da teburan masu man shafawa, da hannun masu talla ta WhatsApp da TikTok, waɗanda kan haɗa shi da bidiyon da ake matse wani ƙaton ƙullutu a bayan mutum har abin ciki ya yi tsartuwa. Yawancinsu ba sunan kamfani, ba takardar bayani, sai hoton fuska mai sulɓi a kan murfi. Kuɗinsa ba yawa, ciniki ke yanke shi, shi ya sa ya shiga ɗakunan amare da shagunan gyaran fuska, har da zabirar wasu wanzamai.

A matsayinmu na masu aikin fata da ƙananan tiyata, ga hukuncinmu tun daga farko. Kayan na da amfani ga abu biyu: baƙaƙen ɗigon da ke toshe ramin gashi a hanci da goshi, da fararen ƙwayoyin nan da likitoci ke kira miliya. A nan ya ci kuɗinsa. Amma tallar da ake masa ta wuce gona da iri. Ba ya raba mutum da kist, wato ƙullutu mai jaka a cikin fata, idan ya wuce milimita 2 ko 3, kuma akwai nau'o'in da taɓa su da shi kan iya jawo wa yaro sanƙarau, ko ya kashe wa dattijo gaɓar yatsa.

Ƙarfen da ya fi amfani a ciki shi ne mai zobe a baki biyu, ƙaramin zoben waya a gefe ɗaya, faffaɗa a ɗayan. Sai mai kan cokali da huda a tsakiya, sai tsinke, sai matsefata biyu ko uku, mai miƙaƙƙen baki da mai lanƙwasa. Kafin ki biya kuɗi, Hajiya, ki ja zoben a kan auduga. Idan ya kama zare, akwai ƙaya a wurin walda, kuma abin da ya yi wa auduga shi zai yi wa fata. Ki haɗe bakin matsefata ki ɗaga ta wajen haske. Idan haske na wucewa tsakanin bakunan biyu, ba za ta riƙe komai ba. Ki kuma duba mahaɗar zobe da mariƙi, domin ko an rubuta inoks a jiki, nan ne tsatsa ke fara fitowa bayan ƴan tafasa kaɗan, kuma duk ƙarfen da ya yi tsatsa ya gama aiki.

Tsinken shi ne mafi muni a cikin akwatin. Bakinsa bai kai kaifin allura ba, don haka sai an danna da ƙarfi kafin ya huda, yana yaga fata maimakon ya tsaga ta, ga shi ana mayar da shi akwati a sake amfani da shi gobe. A jefar da shi. A sayi sabuwar allura a farmasi, siririya, lamba 25 zuwa 30, irin ta insulin ma ta isa, a yi aiki da ita sau ɗaya a yar a inda yara ba za su tsinta ba.

Inda yake aiki

Miliya ƙwaya ce fara mai tauri, milimita 1 zuwa 2, a kumatu, goshi da gefen ido. Ƙaramin kist ne na gaske, sai dai yana can sama-sama, fatar da ta rufe shi ba kauri, shi ya sa zobe ke iya fito da shi gaba ɗaya da jakarsa. A wanke hannu da sabulu, a wanke fuska, a ɗora tsumma mai ɗumi na minti 5, a goge wurin da alkol mai kashi 70. A kwantar da allura kusan daidai da fata, kada a tsaye, a ɗan tsaga rufin ƙwayar kawai. Idan jini ya fito an yi zurfi. Sannan a ɗora ƙaramin zobe ya kewaye ta, a danna a hankali. Za ta fito dunƙule, fara, da ɗan tauri tsakanin yatsu. Idan an danna sau biyu ba ta fito ba, a bari. Dannawa ta uku da ta huɗu su ke barin baƙin tabon da kan daɗe watanni a fatarmu. A shafa bazilin kaɗan, a guji rana da hoda har wurin ya rufe.

Ko a nan akwai iyaka. Kusan rabin jarirai ana haihuwarsu da miliya a hanci da kumatu, kuma tana ɓacewa da kanta cikin makonni. Ba ruwan ƙarfe da fuskar jinjiri. Wadda ke kan gefen fatar ido, inda gashin ido ke tsirowa, aikin likita ce. Macen da ta daɗe tana shafa man bilicin mai kilobetazol ko betametazon kan samu miliya da yawa, amma fatarta ta yi siriri, zobe kan tsaga ta ko ya fasa ƙananan jijiyoyin jini, kuma ciwon ba ya warkewa da wuri. Akwai kuma ƙananan ƙuraje masu launin fata a ƙarƙashin ido da ake kira siringoma, da baƙaƙen tsiron da ke fitowa a kumatun manya. Duka biyun nama ne curarre, babu abin da zai fito ko an wuni ana matsawa. Haka nan ƙurji mai ja da zafi da ke tsakanin karan hanci da kusurwoyin baki biyu, kada a matse shi da komai, domin jijiyoyin jinin wurin suna haɗe da waɗanda ke bayan ido a cikin ƙoƙon kai.

Maganar bango

Kist jaka ce a cikin fata ko ƙarƙashinta, cike da ruwa, ko maiƙo, ko matacciyar fata. Bangon jakar ne ke samar da abin da ke ciki. Matse shi kamar kwarfe rijiya ne: ka kwashe ruwan yau, idon na nan, gobe ta kawo. Duk abin da ke cikin akwatin nan an ƙera shi ne don kwashewa, in ban da miliya da ke sama-sama, babu ko ɗaya da ke iya ɓare bango daga nama ya fito da shi.

Da bangon ne kuma masana ke raba su gida uku, bisa abin da ake gani idan an yanka shi siriri an sa a madubin labo. Akwai masu bango mai hawa-hawa irin na fatar waje, waɗanda galibi daga ramin gashi suke. Akwai masu bango irin na cikin hanyar zufa, hanyar numfashi ko hanji. Akwai kuma waɗanda ba su da bango na gaskiya, nama ne kawai ya kewaye wani ruwa mai yauƙi. Mai saye ba shi da madubin labo, amma wurin da ƙullutun ya fito, da shekarun da ya fara, da launinsa, suna faɗin abu da yawa.

A gida na farko, wanda ya fi yawa shi ne epidermoyid. Daga bakin ramin gashi yake tasowa, a fuska, bayan kunne, wuya, ƙirji, gadon baya da fatar maraina. Yana motsi a ƙarƙashin yatsa amma yana manne da fatar sama, kuma sau da yawa akwai ɗan baƙin ɗigo a tsakiyarsa. Wannan ɗigon ne ke yaudarar mai akwati. Ya ɗora zobe, ya danna, farin abu mai kauri da wari ya fito, kowa ya ce an rabu da shi. Abin da ya fito keratin ne, wato matacciyar fatar da bango ke zubarwa ciki. Ba mugunya ba ce, ba kuma tsutsa ba. Bangon ba shi da ƙwari, danna shi da ƙarfe kan fasa shi ta ciki, keratin ya malala cikin nama, jiki ya ɗauke shi baƙon abu ya tasar masa. Cikin kwana biyu ko uku wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya hana kwanciya. Sau da yawa babu ƙwayar cuta a ciki, shi ya sa kafson da ake saye a tebur ba ya kwantar da shi. Bayan ya lafa kuma, bangon ya manne da naman kewaye ta hanyar tabo, aikin da likita zai yi da ƴar tsaga ya koma mai doguwar yanka, kuma ko an yi shi, saura kan ɓuya ya sake tasowa. Wannan ita ce ɓarnar da muka fi ɗora wa tallar kayan nan.

Abu ɗaya game da epidermoyid da ya kamata iyaye su riƙe: idan sun fito wa yaro da yawa kafin balaga, a kai ko hannuwa da ƙafafu, musamman idan a dangi akwai wanda ciwon dajin hanji ya kama yana matashi, a faɗa wa likita. Yana iya zama ciwon gadon da Eldon Gardner ya bayyana a Amurka a 1951, wanda ke tafe da tsiro a babban hanji. A irin wannan, hanjin ne abin dubawa, ƙullutun alama ce kawai.

Wani kist na wannan gida, tirikilemal, kusan 9 cikin 10 a fatar kai suke. Sumul yake, da tauri, ba shi da baƙin ɗigo, ya fi kama mata, kuma yana bin jini, ka ga uwa da ƴaƴanta duk suna da shi. Mai kitso ce kan fara jin sa a ƙarƙashin tsinke. Bangonsa mai kauri ne, a hannun likita yakan fito dunƙule bai fashe ba, yana cikin mafi sauƙin cirewa. Amma zobe ba shi da ƙofar da zai matse ta, kuma fatar kai jini gare ta, huda ɗaya ta isa ta jiƙa ɗankwali. Akwai nau'insa da ba a cika gani ba, mai ci gaba da tsiro, wanda ke kama tsofaffin mata: ƙullutun da ya shekara da shekaru a kwance sai ya fara girma da sauri, ya yi ƙulle-ƙulle, ya fashe ya zama gyambo. Wannan sai an yanke shi da faɗi an kai labo, domin kaɗan daga cikinsu kan rikiɗe su zama daji.

Wanda ya fi ba mu tausayi shi ne mai isteyatosistoma, domin shi ne ya fi kowa sayen akwatin nan. Ciwo ne da ba a cika samu ba, likita Pringle ya raɗa masa suna a 1899. Yana farawa da balaga: ƙullutai masu laushi, daga ƴan milimita zuwa santimita 2 ko 3, gommai, wani lokacin ɗaruruwa, a ƙirji, hammata, damatsa, wuya da matsematsi. Launinsu na fata ne ko ɗan rawaya, ba baƙin ɗigo. Kist ne da ke da jakunkunan maiƙo a jikin bangonsa, saboda haka abin da ke fitowa idan an huda mai ne rawaya, mai sheƙi, marar wari. A iyalai da yawa gado ne, daga canji a ƙwayar gadon da ake kira keratin 17, kuma mai shi na iya ba rabin ƴaƴansa. Wasunsu har da farata masu kauri sosai tun yarinta. Saurayi ko budurwa mai wannan yakan zauna gaban madubi yana huda su ɗaya bayan ɗaya, man ya fito, wurin ya kwanta, cikin makonni ya sake cika. Matsalar ita ce ƙirji da kafaɗa su ne wuraren da suka fi yin keloyid, tabon nan mai tasowa yana ƙaiƙayi yana faɗaɗa, kuma baƙar fata ta fi saurin yin sa. Huda talatin a ƙirji caca talatin ce da tabon da ya fi ƙullutun muni kuma ya fi shi wuyar magani. Abin da likita ke yi shi ne ƴar tsaga ta milimita 1 zuwa 3, ya matse man, ya sa siririn hantsakin tiyata ya kamo bangon ya zaro shi, kaɗan-kaɗan a zama da yawa, bayan ya gwada a wuri ɗaya ɓoyayye ya ga yadda fatar ke warkewa. Matsefatar akwati ba ta da haƙoran da za ta riƙe wannan bangon, tsinkewa yake yi. Idan sun kumbura suna zubar da mugunya akan ba da izotiretinoyin, maganin da ke nakasa ɗan tayi, wanda mace ba ta shan sa sai da tsarin hana ciki a hannun likita.

Ɗan uwansa shi ne kist mai ƙananan gashi, wanda aka fara bayyanawa a 1977: ƙuraje milimita 1 zuwa 4, masu duhu, a ƙirjin yara da matasa, ana ɗaukarsu ƙurajen balaga. Idan likita ya tsaga ɗaya ya sa abin ciki a gilashi da ɗigon sinadarin fotash mai kashi 10, zai ga siraran gashi a nannaɗe. Ba sa ciwo, wasu kan ɓace da kansu, kuma barin su ya fi taɓa su.

Dermoyid ne ya sa muke cewa a ɓoye akwatin nan daga inda ake reno. Da shi ake haihuwar yaro, ko da ba a lura ba sai ya shekara ɗaya ko biyu. Yana fitowa inda sassan fuska da kai suka haɗe tun a ciki: mafi yawa a wutsiyar gira, sai karan hanci, tsakiyar kai, da ƙeya. Bangonsa cikakkiyar fata ce mai gashi da maiƙo da hanyar zufa. Na wutsiyar gira galibi ba ya da haɗi da ciki, amma yana kwance a kan ƙashi, sai an yi aiki a ɗakin tiyata. Na tsakiya, wato na karan hanci ko na layin tsakiyar kai, musamman mai ƴar huda da gashi ɗaya ko biyu ke leƙowa, yana iya samun siririyar hanya da ta ratsa ƙashi har rufin ƙwaƙwalwa. Allura marar tsabta a nan hanyar sanƙarau ce kai tsaye. Likita ma ba ya sa wuƙa sai an yi hoton sikana ko IRM. Kumburi a tsakiyar kai, ƙeya, tushen hanci ko ƙasan gadon bayan jariri, wanda ke ƙaruwa idan yana kuka, yana iya zama rufin ƙwaƙwalwa ko na laka ne ya leƙo. Ba a matsa shi, ba a yi masa sakiya, ba a ɗora masa ƙaho.

Direbobin manyan motoci da ƴan kabu-kabu kan zo da wani daban, a tsagin mazaunai saman ƙashin tsuliya: ƴan ramuka da gashi ya shige, suna kumbura suna tsiyaya. Zaro gashin da matsefata ba ya rufe ramin da ke ƙasa.

Masu ruwa, da waɗanda ke wuya

A gida na biyu, hidirosistoma ce ta fi shafar garinmu. Daga hanyar zufa take. Ƙwaya ce mai sheƙi, kamar ana hango ruwa a ciki, wani lokacin da ɗan shuɗi, a fatar ido da saman kumatu. Nau'i ɗaya kan fito guda, ya kai milimita 3 zuwa 15, a gefen fatar ido, kuma bai damu da yanayi ba. Ɗayan kan fito da yawa, ƙanana, a fuskar mata masu matsakaitan shekaru. Likita Robinson ya bayyana shi a 1893 a jikin mata masu aiki cikin zafi da tururi. A Maradi, inda bazara ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, sannan damina ta zo da gumi, mai tuyar ƙosai ko mai dafa abincin sayarwa za ta ga sun cika sun yi yawa, idan sanyin hunturu ya shigo kuma su lafa har ta ɗauka wani mai da ta shafa ne ya yi aiki. Idan aka huda, ruwa garai ke fitowa, ƙwayar ta kwanta nan take, sannan ta sake cika. Ba abin da zobe zai ƙara a kan haka sai haɗarin ƙarfe kusa da ido. Mai guda ɗaya, likita kan yanke ta da bangonta. Masu yawa, rage zama a bakin wuta da samun iska su ne matakin farko, akwai kuma magungunan rage zufa da ake shafawa, waɗanda ba a amfani da su kusa da ido sai da ordinansi. Mutumin da ke da farar fata ta zabiya kuwa, duk ƙwaya mai sheƙi a fuskarsa a kai ta gaban likita da wuri, domin dajin fata kan fara da irin wannan kamar.

Na wuya guda uku ne, kuma dukansu saura ne daga halittar ɗan tayi. Wanda ke tsakiyar wuya ta gaba, yana hawa sama idan yaro ya haɗiyi yawu ko ya zaro harshe, ragowar hanyar da tayiroyid, naman nan na gaban wuya da kumburinsa ke zama maƙoƙo, ya bi ya sauko ne. Aikinsa, wanda likita Sistrunk ya tsara a 1920, ya haɗa da cire tsakiyar ɗan ƙashin da ke ƙarƙashin harshe, in ba haka ba ya dawo. Wanda ke gefen wuya, a gaban doguwar tsokar da ta sauko daga bayan kunne, yakan kumbura bayan mura, kuma yana maƙwabtaka da manyan jijiyoyin jini. Na uku yana ɗan ramin da ke saman ƙashin ƙirji, bangonsa irin na hanyar numfashi ne, yana tsiyayar da majina. Huda kowannensu kan bar ƙofar da ba ta rufewa, tana zuba shekara da shekaru. Sauran na wannan gida sun fi ƙaranci: wanda ke fitowa a ƙafar ƴan mata, wanda ke kan layin ƙasan al'aurar namiji, da jan tsiro mai laima a cibiyar jariri wanda kan haɗu da hanji.

Gida na uku ba su da bangon da za a cire, tushensu ake nema. A bayan gaɓar ƙarshe ta yatsa, kusa da farce, dattawa masu ciwon gaɓoɓi kan samu ƙwaya mai ruwa mai yauƙi, har ta yi wa farcen kwari a tsaye. Ruwan daga cikin gaɓar yake tsattsafowa, don haka allura mai datti na iya kai ƙwayar cuta cikin gaɓa, yatsa ya sandare. Haka wanda ke wuyan hannu. Da yawa kan ɓace da kansu, kuma wanda ke ta gefen tafin hannu yana kusa da jijiyar da ake jin bugun jini. Na leɓen ƙasa daga cizo yake, yawu ne ya taru bayan hanyarsa ta tsinke. Na kunne kuwa ruwa ne a tsakiyar guringuntsi, sai an zuƙe an ɗaure da matsi, in ba haka ba kunnen ya lanƙwashe.

Ba kowane ƙullutu ne kist ba ma. Akwai curin kitse mai laushi, akwai kaluluwa, wadda idan ta daɗe a wuya ba zafi tarin fuka na cikin abin da ake zargi, akwai kuma kumburin jijiyar jini mai bugawa a ƙarƙashin yatsa.

Tsabta, da abin da ya kamata a nema a asibiti

Babu akwatin da muka ɗauka da muhimmanci idan ba a san yadda za a tsabtace shi ba, kuma masu sayarwa ba sa cewa komai a kan wannan. Goge ƙarfe da alkol ko turare, ko wuce shi ta harshen ashana, bai isa ba. Ƙwayar ciwon hanta na B, wanda ke da yawa a yankinmu, tana rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana 7 ko fiye. A gida, akwati na mutum ɗaya ne, ba a aron sa ko tsakanin ƴa da ƙanwa. A wanke ƙarafan da sabulu da buroshi, musamman cikin zobe, a tafasa su minti 20 a tukunya mai murfi, ana ƙirgawa daga lokacin da ruwa ya fara tafasa, a bar su su bushe a wuri mai tsabta. Ruwan jabel na kashe ƙwayoyi amma yana cin ƙarfe mai araha. Ga shagon gyaran fuska da ke taɓa mutane da yawa, tafasa ma ba ta kai ba: sai tukunyar tururi ta asibiti, digiri 121 na minti 20 zuwa 30, ko tandun busasshen zafi, digiri 170 na awa ɗaya. Wadda ta je shago tana da damar ta tambaya, ko ta tafi da nata. Mai ciwon suga, mai shan maganin tsinka jini, da wanda kunnensa ko kafaɗarsa ta taɓa yin keloyid, mu dai ba mu ba su shawarar sayen kayan nan ko don miliya.

Ƙullutun da ba ya ciwo, ba ya girma, ba ya damun mai shi, ana iya barinsa bayan likita ya gani. Wanda ke girma da sauri, ko ya wuce santimita 5, ko ya ƙi motsi, ko yake jini, ko ya dawo bayan an cire, ba a jira da shi. CSI, wato cibiyar lafiya ta unguwa, ce matakin farko, daga nan a samu takardar turawa zuwa babban asibitin jiha ko asibitin Referans. Cibiyar Danja da ke kudu da gari ma ta daɗe da aikin kuturta da cututtukan fata.

Ga yadda aiki mai kyau yake, don mai zuwa ya san abin da zai sa ido a kai. Ba a cire kist yana cikin kumburi. Idan ya tara mugunya a tsaga a zubar, a jira mako 4 zuwa 6 ya huce. Ranar aiki a goge da Bétadine, a yi allurar lidokayin mai kashi 1 ko 2 a kewayensa, kada a cikinsa. A yanka ƴar tsaga mai siffar ido da ta haɗa da baƙin ɗigon, bisa layin lanƙwasar fata, a ɓare bangon a hankali ya fito cikakke, a tsayar da jini, a ɗinke. Zaren fuska ana cire shi a kwana 5 zuwa 7, na kai 7 zuwa 10, na gadon baya 10 zuwa 14. A tambayi allurar tetanus idan an daɗe ba a yi ba. Mai aikin ya nuna maka jakar da ya cire. Idan gutsuttsura ce, ya faɗa maka tana iya dawowa. Duk wanda ya fito a wurin da ba a saba ba, ko a jikin yaro, ko mai kamar da ba a gane ba, a sa shi a kwalba mai formol kashi 10, wato ruwan da ke hana nama ruɓewa, ruwan ya ninka naman sau 10, a rubuta suna da shekaru da wurin da aka ciro shi, a aika labo. Alkol da ruwan gishiri suna lalata naman, kuma wanda aka nannaɗe a auduga ya kwana ya bushe, ba a iya karanta bangonsa.